Shekarar da Na Shafe Bakin Mudu

Ranar ashirin da tara ga watan azumi, ina da shekara tara, Kaka ta zaunar da ni gaban taikin gero bayan la'asar ta ce in auna zakkar fidda-kai ta gidanmu. Tun safe nake aiki. Na ɗebo ruwa sau shida daga rijiyar bayan masallaci, na yi surfe, na wanke allona, na share zaure inda Baba yake karantar da yara. Wannan ce shekarar da na fara cika azumi, kuma zafin Sakkwato bai san ƙaramin mai azumi ba. 'Yan matan unguwa suna can ƙofar gida suna carafke, ni kuwa ko ɗaga hannu da ƙyar nake yi.

A gidanmu, kusa da Hubbare, mudu iri biyu ne. Na farko mudun kasuwa, wanda Inna take auna tsabar tuwo da shi kullum. Na biyu ɗan ƙaramin akushi baƙi da muke kira mudun Annabi, wanda Kaka ta gada daga mijinta, ba a fito da shi sai ƙarshen azumi. Cikinsa huɗu shi ne sa'i, sa'i ɗaya kuma shi ne zakkar mutum ɗaya. A duk unguwar mu kaɗai muke da shi, saboda haka yawo yake yi gida gida. A ranar ya fita tun hantsi bai dawo ba. Kaka ta gaji da aike, ta ce mu yi da na kasuwa. Ta koya mini lissafin a jere, yadda take koyar da komai: mudun kasuwa ɗaya, na Annabi biyu, kowane mutum mudun kasuwa biyu, mu goma sha ɗaya ne, ashirin da biyu ke nan. Ta sa na maimaita sau uku, sannan ta shiga ɗaki ta kishingiɗa.

Na auna ashirin da biyu, ban tsallake ko ɗaya ba. Kowane mudu na cika sai in sa gefen hannu in shafe bakinsa, domin haka na ga ana yi wa ƙaramin duk shekara. Abin da Kaka ba ta faɗa ba, don a wurinta ko jinjiri ya san shi, shi ne mudun kasuwa ba a shafe shi. Cika shi ake yi har gero ya yi tudu yana gangarowa, kuma da wannan tudun ne yake zama biyu. Kafin magariba an raba geron gida biyar. Aka ga wata, aka kwana da shirin Salla.

Da safe wata maƙwabciya ta dawo da ƙaramin mudun tana ba da haƙuri. Kaka ta buɗe taiki don ta ɗebi na fura, sai ta tsaya. Kawu ne ya kawo geron nan a kan jaki daga gonarsa, kuma Kaka ta san inda ya kamata geron ya tsaya bayan an fid da zakka, sai ta ga ya fi haka yawa. Ta ce, "Ke ƙawata, zo ki gwada min yadda kinka auna." Na gwada mata. Ta karɓi shafaffen mudun ta juye cikin ƙaramin. Na farko ya cika, na biyu ya rage tafi guda. Ta ce, "Lissahi kin iya shi sarai, idanu na ba ki da su." Tafi ashirin da biyu muka rage wa mabuƙata.

Baba ya riga ya sa rigarsa ta Idi. Ya san shari'a ta ba shi damar cike zakkar har faɗuwar rana, ya ma faɗi haka da bakinsa. Amma ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna, ya ce, "Ba ni zuwa gaban Allah da awo ragagge. Wadda ta rage ita ka cikawa." Inna ta ce a raba wa yara su kai, ya ƙi. Aka ƙulla mini ƙunshi biyar cikin masaki, na ɗora a ka. Na fara da gidan makauniyar da ke bayan Hubbare, sannan gidan gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, sannan tsoho mai gyaran takalma, sannan baƙin da suka sauka a kangon marina. Duk hanya mutane suna wuce ni cikin fararen kaya suna kabbara. Gida na biyar can wajen Tudun Wada yake. Tsohuwar gidan ta dubi ɗan ƙunshin, ta dube ni, ta ce, "Don wanga kinka tako rana haka?" Ta ba ni ruwa na sha.

Ina dawowa na haɗu da jama'a suna dawowa daga Idi. Baba yana nan kan buzunsa, rigar ko ƙura ba ta taɓa ba. Ya tambaye ni gidajen ɗaya bayan ɗaya, na lissafa masa. Ya ce madalla, ya tashi ya tuɓe rigar ya ninke. Bai doke ni ba, bai sake tayar da zancen ba. Sallar Idi ɗaya ke nan da ta taɓa wuce shi har ya rasu.

Yau ƙaramin mudun yana hannuna, ya tsage an ɗaure shi da fata. Kasuwa ta cika da fatake, kowa da mudun garinsu, masu zuwa aro kuma sun ragu. Jikokina suna cewa na cika tsanani, domin ba na barin su fara awo sai sun gaya mini wane mudu ne, kuma da tudu ne ko a shafe. Nakan bar su su yi gunaguni. Ba su ga Baba yana ninke rigar nan ba.