Ranar da Baba Ya Raba Rigunan Mutane

Ko zan manta da komai, abin da ya sami mahaifina a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ba zai fita daga raina ba.

Baba maɗinkin manyan riguna ne a Shahuci, cikin birnin Kano, mutum marar yawan magana. Bayan rasuwar ƙaninsa sai shirun nasa ya wuce misali. Ya daina fita shago, abinci ma sai an lallaɓa shi. Da ƙyar muka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta masa magani. Bayan 'yan makonni sai ga Baba yana dariya, har yana tsokanar mahaifiyarmu, Inna. Barcinsa ya ragu, surutu ya ƙaru, mu kuwa muna ta hamdala, a ganinmu sauƙi ne ya samu.

Wata rana da hantsi maƙwabcinmu ya faɗo zaure yana haki. "Fito maza, babanka yana rabar da kayan mutane!"

Na tarar da shi tsaye a kan benci a ƙofar shago, ba hula, yana wurga wa jama'a rigunan da aka kawo masa ɗinki. "Kowa ya ɗauka!" in ji shi. "Mulki ya dawo hannunmu, ni zan gyara Kano!" Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba! Na riƙe gefen rigarsa na ce, "Baba, don Allah ka sauko." Ya dube ni, idanunsa na ƙyalli, ya ce, "Kai ma na ba ka kwamishina." Wasu suka fashe da dariya.

Dangi suka ce iska ce. Inna ta ce a'a, wurin likita za mu koma.

Likitan ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Hajiya, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo da wasu sinadarai. Akwai serotonin, mai taɓa yanayin zuciya da barci, akwai dopamine, mai sa kuzari da ɗoki. Maganin nan yana sa serotonin ya daɗe yana aiki. Amma ciwon Malam fuska biyu ne da shi, ƙunci da tashi. Masu irin wannan ciwo, maganin kan ɗaga su ya zarce, kuma ana ganin dopamine na da hannu a ciki. Tun yaushe barcinsa ya ragu?"

Inna ta ce, "Mu murna muka yi ta yi."

Aka canza magani. Baba ya natsu a hankali, ya bi masu rigunan gida-gida yana ba su haƙuri, kansa a sunkuye. Wasu sun yafe, wasu ba su sake kawo masa ɗinki ba.

Tun daga nan na gane ba kowace dariya ce lafiya ba. In naka yana shan maganin ƙwaƙwalwa, duk canjin da ka gani, ko mai daɗi ne, ka je ka gaya wa likita.