Guntun Ƙotar da Baba Atiku Ya Rataye

Ina neman afuwar manya da malamaina. Ban kai in rubuta ta'aziyyar mutum kamar Baba Atiku ba. Ɗaliba ce ni a ajin ƙarshe na sakandare, kuma ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Amma akwai abin da ya yi wa gidanmu a kan idona, mahaifina kuwa ba mai yawan magana ba ne. In na yi shiru, ba za a sani ba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Safar, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Atiku, mai gyaran babura a bakin kasuwar Isa, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Baba Atiku, ka san yadda muka zo Isa. Shekarar da ɓarayin daji suka auka wa gonakinmu kusa da Gatawa, mahaifina ya tsira da ransa, amma an sare shi a hannun dama. Raunin ya warke, yatsun suka ƙi naɗewa sosai. Babur ne kaɗai abin da muka fito da shi. Da shi yake kabu-kabu, da shi yake kai ni makaranta, domin masaukinmu yana can bayan gari, kuma mahaifiyata ta rantse ba za ni bi hanyar ni kaɗai ba. Sai hannun ya kasa riƙe totur, inda ake murɗawa a ba babur wuta. Da an shiga rairayi sai ya suɓuce. Ranar da ya kayar da wata tsohuwa da kwandonta, ya ɗauko ni daga makaranta muka zarce rumfarka. Na san in aka sayar da babur, karatuna ya ƙare.

Ya ce maka, "Atiku, nemo mini mai saye. Hannun ga ya ƙi."

Ka ce, "Illo, ba kai na gani jiya kana noma ba? Da hannun wa ka riƙe fartanya, na maƙwabci?"

"Ƙota daban, babur daban."

"Ƙota ta fi kauri, shi ke nan bambancin. Gobe ka taho da ita."

Washegari da safe muka zo da fartanyar, ni ina cikin kayan makaranta. Ka yanke tsohuwar robar hannun babur da wuƙa. Ka yanyanka tsohon tiyub siri-siri, kana naɗawa a hannun totur, kana sa shi ya riƙe ƙota ya riƙe babur, kana ƙarawa kana ragewa, har ya ce bai ji bambanci ba. Sabuwar robar ka jiƙa ta a ruwan zafin da ka karɓo wurin mai shayi don ta yi laushi, ka shafa wa cikinta fetur. Ka ce sabulu da baƙin mai suna shigar da roba da sauƙi, su kuma fitar da ita ranar ruwa, amma fetur bushewa yake yi. Ta farko ta tsage saboda kaurin. Ka ɗauko wata.

Da ta zauna daram, sai ka sa zarto ka yanke ƙarshen ƙotar, ka rataye guntun da waya a rumfa, ka ce ma'auni ne. Mahaifina ya ce, "Ka gajarce mini fartanya." Ka ce, "Kai ma ai ba dogo ba ne."

Ya hau, ya kewaya kasuwa, ya bi ta cikin rairayi da gangan, ya dawo. Bai iya yi maka godiya da baki ba. Ni ya juyo ya ce wa, "Hau, Naja'atu, kin makara."

Tun daga nan, duk gabanin damina kai kake tare shi ka sake robar tun ba ta cinye ba. In ka gan ni sai ka ce, "Ɗiyata, mi aka koya muku yau?" Kunya ta sa kullum nake ɓuya cikin hijabi, ban taɓa ba ka cikakkiyar amsa ba. Ka ce ba komai, in tara maka duka, in kawo sakamakon jarrabawar ƙarshe gidanka.

Ranar da ciwo ya kama ka, a kan babur ɗin nan mahaifina ya kai ka asibiti, ƙanenka Hussaini yana riƙe da kai ta baya. An yi ruwa, hanya duk taɓo. Hannun bai suɓuce ba.

Bayan rasuwarka, robar ta fara tsagewa, ga jarrabawa tana matsowa. Na ji tsoro, amma wa zai kai maganar roba gidan makoki? Matarka Inno ce da kanta ta aiko, ta ce a kai babur wurin Kawu Hussaini, da ke riƙe da rumfarka yanzu. Ya sauko da guntun ƙotar daga inda ka rataye shi, ya naɗa tiyub daidai kaurinsa. Ni na je wurin mai shayi na karɓo ruwan zafi. Da yardar Allah za ni zauna jarrabawar nan, kuma za ni ci.

Allah Ya jiƙanka, Baba Atiku, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba ka littafinka a hannun dama. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inno, da Kawu Hussaini, da 'ya'yanka, da 'yan kabu-kabun Isa da Sabon Birni. Allah Ya ba mu haƙuri.

Inno, a baki ba za ni iya ba, kin san ni. Ki ba ni izini in sake rubutowa ranar da sakamako ya fito, domin gidanki ya ce in kawo shi.