Katkat ɗin Kawu a dajin Bengu

Jama'a, yau na ga bakin bindiga!

Kawu Sani ya ɗauke ni zuwa suna a Bengu cikin katkat ɗinsa, wadda babu irinta a Gaya. Tunda ya saye ta ba ta taɓa barin kwalta ba. Yau ya ce mu yanke ta daji, ta kan iyakar Nijar. Yashi ya riƙe mu. Sai ga sojoji!

Babbansu ya daka tsawa: "Hannu sama! Wa ke shiga daji da wannan mota in ba 'yan bindiga ba?"

Kawu ya ɗaga hannu: "Shef, wallahi suna za mu!"

Sojan ya leƙo, ya ga ƙaramar sandar giya da ake ja in mota ta shiga yashi har yanzu cikin ledarta. Ya sauke bindiga.

"Wannan bai san daji ba. Ku tura."

Muka tura, motar ta fita.