Jirgin Feshin da Ya Iske Mu a Sahun Roƙon Ruwa

Ranar wata Litinin ce da hantsi, a damunar da ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka har sau biyu, ina aji huɗu a firamare. Duk ƙauyenmu, can bayan Unguwar Lalle, an fita roƙon ruwa a kan faƙon da ke gabas da gari. Maza sun sa tsofaffin riguna sun yi sahu, mata suna baya da goyo, mu yara kuma an tara mu gefe guda an ce kada wanda ya kuskura ya yi dariya. Sama fari fat, ko ɗigon gajimare babu. Liman ya yi kabbara ke nan muka ji ƙarar jirgi daga arewa, kuma ba ita ce ƙarar da muka saba ji ba. Yana yi yana sarƙewa kamar tsoho mai tari.

Shekarar nan mun ga abin da ya fi ƙarfinmu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya naɗe ganye, ɗan abin da ya yi saura kuma fara ta sauka a kansa. Inna takan leƙa rumbu ta sauko, da yamma sai mu ga tafasa a akushi. Kullum kafin makaranta ni ke kai jaki rijiya, igiyar guga kuwa an yi mata ƙari har ta fi ƙarfin hannuna. Saboda farar nan ce aka turo wani ɗan ƙaramin jirgi mai feshi, kuma duk yankin babu shimfiɗaɗɗen wuri kamar faƙonmu, sai aka ɗauki Babana, Malam Isiya, ya riƙa kula da shi. Aikinsa ya kore dabbobi, ya kwashe duwatsu, ya hura hayaki da kashin shanu domin matuƙi ya ga inda iska ta nufa. Babu rediyo, babu waya. In jirgi zai zo, mai babur ke kawo saƙo daga Sabon Birni tun ana gobe. Matuƙin wani gajere ne mai yawan barkwanci, muna ce masa Kyaftin. Shi ya gyara mini fiffiken jirgin da na yi da karan dawa, ya ce nawa ko kaza ba za ta yarda ta hau ba. Na sha jin yana ce wa Baba, "Malam Isiya, in ina sama ba ni da ido sai naka."

Ranar nan babu saƙon da ya zo, don haka Baba yana sahu na biyu kamar kowa. Jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa ya wuce ta kanmu yana kaɗa fukafukai. Mu yara muka ɗauka gaisuwa ce, muka yi ta ɗaga masa hannu. Baba ne kaɗai ya gane fili yake roƙo. Ya katse sallarsa, ya ratsa sahu da gudu yana cewa, "Ku watse, jirgin ga ba shi da lahiya." Mutane suna ruku'u, wa zai saurare shi? Wani dattijo ya cafke masa riga ya ce, "Isiya, mi as same ka? Salla mukai." Kafin magana ta kai ƙarshen sahu jirgin ya zagayo karo na biyu, sai injin ya mutu gaba ɗaya. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Yana tahowa kanmu kai tsaye, ba abin da ake ji sai iska a jikinsa. Matasa suka tsere, amma tsofaffi da masu goyo suna nan tsakiyar fili, wasu ko miƙewa ba su yi ba. Saura kaɗan ya iso sai ya karkata hagu, ya nufi gonar da ke gefe. Kunyoyin gonar suka kama tayoyinsa, ya kifa da hanci, ya juye. Warin maganin fara ya cika ko'ina.

Da ƙyar aka jawo Kyaftin daga cikin jirgin. Baba ya ɗora kansa a cinya, ni ina tsaye a gefensa. Da ya buɗe ido bai nemi ruwa ba, bai tambayi ƙafafunsa da suka karye ba. Ya ce, "Akwai wanda na taɓa?" Baba ya ce, "Ba ka taɓa kowa ba, Kyaftin." Aka ɗora shi a amalanken shanu za a kai shi bakin titi, rai ya yi halinsa tun ba su yi nisa ba. Ruwa bai zo ba a makon nan. Aka daɗe ba mai bi ta gonar, ko awaki sai an kewaya da su. Baba bai zargi kowa ba, amma ya rage magana sosai, kuma duk lokacin da aka tayar da zancen abu ɗaya yake faɗa: "Ya yi ta yi muna magana, mu na ba mu ji ba."

Yau ni ma matuƙi ne, na tsufa ina ɗaukar fasinja. Akwai hasumiya, akwai na'urori, akwai mutumin da aikinsa kawai ya gaya mini ko hanya a buɗe take. Duk da haka akwai ranakun da zan kira in ji shiru, ko muryoyi biyu su hau juna har in kasa gane wa aka ba izinin sauka, ko in sauko in hango shanu a bakin titin jirgi. A irin lokacin tsoro nake ji, ba na ɓoyewa, kuma abokan aikina suna tsokanata wai na cika naci da sake tambaya. Faƙonmu yanzu gidaje ne, Baba ya daɗe da rasuwa, hanyar garin ma sai da shiri ake binta. Nakan yi kewarsu, har da tafasar da na tsana. Da ma a ce ranar nan akwai wanda zai iya amsa wa Kyaftin.