Wadda Ba Ta Sha Furar Ba

Na haura shekara arba'in kafin na iya haɗa baƙi da wasali na boko. A ajin yaƙi da jahilci na koya, cikin Goronyo, bayan la'asar. Malaminmu ya ce duk mai son karatu ya zauna masa, ya nemi littafin labari ya riƙa karanta wa mutanen gida da ƙarfi. Ran kasuwa na sayo wani ɗan littafi da bangonsa ya fara rabewa.

Labarin wata mace ne mai binciken laifi. Ba ta riƙe bindiga, ba ta bin kowa da gudu. Aikinta duk a madafa yake da wurin cin abinci. An kashe wani attajiri da guba a cikin shayi, sai ta shiga tambaya: wa ya dafa, wa ya zuba, wa ya sha, wa bai sha ba. A ƙarshe ta tara mutanen gidan, ta zuba musu sabon shayi, ta ce ragowar na ranar ne. Kowa ya yi dariya ya kurɓa, ban da mutum ɗaya.

Karatuna a hankali yake, don haka littafin ya daɗe a gidanmu. Ina zama gindin darbejiya, Inna na kan tabarmarta, matata na tsintar shinkafa. Matar ƙanena, yarinya ce daga Maikujera ta ƙasar Rabah da ba ta cika shekara da zuwa gidan ba, takan zauna can baya ta juya mini kafaɗa saboda kunya. Mijinta ya tafi kudu da albasa. Wadda ta fi kowa son labarin ita ce yayata, da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. In na tsaya kan kalma mai wuya sai ta buga cinya.

"Malam mai boko, ka haɗiye ta ka wuce mana! Mi matar ta ce ma kuku?"

Ba a daɗe da gama littafin ba muka kira gayyar dashen albasa a fadamarmu, ƙasa da madatsar ruwa. Matar ƙanena ce ta dama furar 'yan gayya, don a gidan babu mai hannunta. A can gona ta dama, da ruwan wata jarka da aka aro daga gonar maƙwabta. Kafin azahar mutane sun fara riƙe ciki. Wasu amai, wasu jiri da yawu, wani dattijo ya faɗi tsakanin kunyoyin gona har sai da aka ɗauke shi a babur. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu. Malamin asibiti ya ce a kawo jarkar, ya shinshina, ya ce maganin feshi aka taɓa zubawa a ciki, ba a wanke sosai ba. Ya yi mana faɗa, muka yi godiya. Ni a wurina magana ta ƙare.

A wurin Yaya ba ta ƙare ba. A littafin ba a taɓa yin tsautsayi ba, komai da mai shi.

"Na ji jarka," in ji ta. "Jarka ce ta kai kanta gona? Ni tambaya guda gare ni. Wa ad da bai sha ba?"

Ta bi gida gida tana tambayar matan da suka kai abinci. Amsar ɗaya ce. Mai damun ba ta kai ludayi baki ba, ko ɗanɗanon da kowace mace ke yi don jin tsami ba ta yi ba. An ma ga ta kau da fuska tana damawa.

Na ce, "Yaya, wancan labari ne, wani ya zauna ya ƙirƙira."

Ta ce, "Kai ka karanta, ni na gane. Allah bai haɗa ma mutum biyu ba."

Ran Juma'a da muka dawo masallaci na tarar da tsakar gida cike da mata, har da matan waɗanda suka kwanta ciwo. Yaya ta dama fura sabuwa da nono mai tsami, ta rufe da faifai. Ta kira yarinyar, ta ajiye ƙwaryar gabanta.

"Amarya, ga ragowar hurarki ta ran gayya, mun aje miki. Tunda lahiya lau take, bisimilla."

Na san ƙarya ce, na ga ƙwallon furar da safe. Na buɗe baki, Yaya ta ce maza su fita, wannan ta mata ce. Ban fita ba, amma daga bakin zaure nake kallo. Yarinyar ta durƙusa. Ta ɗaga faifan, warin nonon ya buge ta. Ta ɗebo ludayi guda, ta kawo shi kusa da baki, sai ta saki ludayin ta ruga bayan ɗaki tana amai.

Matan suka ɗauki salati. Wata ta yi guɗa. Yaya ta ɗauki ƙwaryar ta sha a gabansu, ta goge baki da gefen zane.

"Kun gani? Hura ce lahiyayya. Cikinta ya san abin da hannunta ya yi."

Da yamma matata ta gaya mini abin da ta daɗe tana zato. Ciki ne da yarinyar, na fari, kuma tun da ya shiga ba ta iya jin warin nono. A wurinmu mace ba ta faɗin cikin fari, balle a gidan surukai, balle a gaban taro. Sai dai a gani. Da za a yanka ta ba za ta furta ba. Inna kuwa da za ta gane da kallo ɗaya, idonta ya riga ya tafi.

Na kai wa Yaya wannan magana. Ta ce mai ciki ma tana iya zuba magani. Na je wurin mazan da suka yi ciwo, na tuna musu abin da malamin asibiti ya ce. Suka ce sun yarda da ni, amma matansu sun gani da ido. Na kira ƙanena a waya, ashe an riga ni. Ya ce shi ba ya nan, ba zai ƙaryata 'yar uwarsa da rabin unguwa ba.

Ba a kori amaryar ba. An dai daina cin abin da ta taɓa. Ran girkinta tuwo ya kwana a tukunya, yara su wuce gidan maƙwabta. Ni da matata muna ci, sai Yaya ta leƙo ta ce mu yi wasiyya tukuna. In ta je rijiya, mata su janye gugansu. Wata safiya ta ɗaure kayanta a zane, ta durƙusa ta gaida Inna, ta hau motar Rabah. Saki ya bi ta daga baya. Ta haifi ɗiya mace a gidansu.

Bayan wasu shekaru na je kasuwar Rabah sayen irin dawa, na hango ta cikin masu fura, can ƙarshen layi, nesa da sauran. Labari ya riga ta zuwa garinsu. Ɗiyar tata na zaune gefenta, fuskar ƙanena sak. Na ƙarasa na yi sallama. Ta amsa ba ta ɗago ba.

Na ce, "A dama mini."

Ta dama. Kafin ta miƙo, ta ɗebi ludayi ta sha, ta sake ɗiba ta sha, ta buɗe bakinta don in ga ta haɗiye.

Na ce, "Haba, ni ne fa. Ni ban taɓa zarginki ba."

Ta ce, "Ba don kai ba ne, Yaya. Kowa haka nika yi mai, in ba haka ba ba su saye."

Na karɓa na sha ina tsugune. Wani mutum ya zo ya tsaya bayana, ya ce a dama masa. Ta dama, ta sha nata biyu. Ya duba ƙwaryar, ya duba 'yar, ya ce a ba yarinyar ita ma ta kurɓa. Ta ba ta.