Alƙalamin da Ya Ƙi Mayar da Magidanci Gwauro

Kullum da hantsi Malam Awwalu kan fito daga unguwar Jarwal da akwatinsa na katako, ya shimfiɗa tabarma a bakin ofishin takardu. Shekara goma sha tara yana rubuta wa mutanenmu takardar neman iƙama, wato izinin zama a Makka. Bana, 1968, ido ya gaza, ya ajiye alƙalami. Ko shayin ban kwana ba mu haɗa masa ba. Abin kunya ne, kuma mun san dalili: mun daɗe muna jin haushinsa.

Laifinsa ɗaya ne. Duk wanda ya zauna gabansa sai ya tambaye shi, "Kana da iyali?" Abin da yake gaskiya shi zai rubuta. Masu ɗaukar ma'aikata kuwa sun fi son gwauro, don haka magidanta da yawa kan so a mayar da su gwagware a takarda. Mu kuma muka riƙa cewa Malam ya cika taurin kai.

Kabo, mai ɗebo ruwa a unguwar Hindawiyya, yana cikinsu. A Sudan ya auri Zinariya, suna kan hanyar hajji a ƙasa, ba takarda, sai goro da fatiha. Da Malam ya ƙi mayar da shi gwauro, ya tsallaka wajen wani marubuci, aka rubuta masa abin da yake so.

Bayan hajjin 1965 aka yi kamen marasa takarda, aka haɗa da Zinariya tana tallar gyaɗa. Kwana uku suka rage a kai su Jidda a sa su a jirgin ruwa a mayar da su gida. Jami'i ya tambaye ta sunan mijinta. Ita da ba ta taɓa kama sunansa ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Shi." Aka rubuta ba ta da miji.

Kwana biyu Kabo yana zuwa ofishin, ya tsaya a tsallaken hanya, ya koma. In ya shiga ya ce matarsa ce, ƙaryarsa ta tonu, iƙamarsa ta tafi. Malam ne ya hango shi.

"Ya Kabo, ta'al, zo nan. Gobe fa za a tafi da su."

"Malam, wallahi kunyarka nake ji."

"Ma'alesh, ba komai. Kunya ba ta shiga jirgi, matarka ce za ta shiga."

Malam ya rufe akwati, ya taka har unguwar Utaibiyya da tsakar rana, ya zaƙulo dattawa biyu da suka shaida ɗaurin auren. Ya rubuta sabuwar takarda, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Kabo a gaban jami'in har Kabo ya faɗi gaskiya da bakinsa. Kabo ya rasa aikinsa, ya yi wata takwas yana zaryar ofis. Amma an sako Zinariya.

Malam, kai ne mai alƙalamin da ba ya lanƙwasa. Kai ne ka rufa asirin wanda ya guje ka, ba ka taɓa gaya wa Zinariya abin da ke cikin takardar farko ba. Mun gode, kuma ka yafe mana. Ku da kuka gaji tabarmarsa, ku yi tambayar da yake yi, ko da za a ji haushinku.

Har yau in Kabo ya hango ka sai ya sake hanya. Shi ya roƙi a rubuta wannan jinjina. Ya ce a sa sunansa yadda yake, kuma a karanta wa Zinariya.