Bokitin Gwaggo Hawwa

Duk wanda ya san Gwaggo Hawwa a Gadarif ya san bokitinta. Biki ko suna, da shi take zuwa. Mutane na cin kankana, ita tana bin bawo. A ramin bayan ɗakinta take zuba shi, ta barbaɗa toka, ta rufe da ƙasa har ya zama taki. Yau kwana arba'in da rasuwarta. Ni kaɗai na rage a gidan, yayana kuma yana ta kira in koma garinmu, Madani.

Ranar da yaƙi ya koro ni wurinta, da jaka ɗaya na zo. Ta miƙo mini ayaba, ta tsaya a kaina tana kallo. Na ɗauka tausayi ne, har na fara hawaye. Sai ta ce, "Ci da sauri, 'yar nan, bawon nake jira."

Wani mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya taɓa ƙin ɗaukarta da bokitinta daga kasuwa. "Ya Hajja, wannan wari fa!"

"Ɗana, kai ma wata rana haka za ka yi, kuma ko kuɓewa ba za ka fitar ba."

Ya ɗauke ta har gida.

Akuyar maƙwabcinmu Malam Idirisu kuwa, da ta tone ramin ta ci, Gwaggo ɗaure ta ta yi a wurin. Malam ya yi sallama. "Hajja, a yi haƙuri a sake ta."

"Abin da ta ci a nan, a nan za ta sauke shi."

Wallahi sai da ya zauna ya sha shayi kofi biyu kafin akuya ta biya.

Ranar zaman makoki kowa ya kawo sukari da ganyen shayi. Abdalla, mai matsa lemo a kasuwa, buhun bawo ya kawo. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Na tara, ban san inda zan kai ba." Mata suka yi dariya. Na karɓa, na zuba, na rufe.

Jiya yayana ya sake kira. Na ce ramin bai nuna ba, sai nan da wata biyu.

"Rami ne zai riƙe ki, Maryamu?"

Na ce masa Abdalla zai zo da wani bawon ran Juma'a, dole ya tarar da mutum.

Allah ya jiƙan Gwaggo. Ƙasar da ta ciyar, Allah ya sa ta yi mata sauƙi.